Lemar Mai Shi

Ranaku da yawa na aikin nan sun wuce sun ɓace mini, amma ban taɓa iya mantawa da Litinin ɗin da wani kwastoma ya zo ofishinmu na Deira, nan Dubai, yana neman lemar masunta ba. Zan kira shi Alhaji Garba, ko da yake ba sunansa ke nan ba. Ku da kuka zo kwanan nan kuna ganina kamar da sanin aiki aka haife ni. To, a lokacin ina cikin wata na shida, watan ƙarshe na gwaji, saura kwana tara Oga Bashir, manajanmu, ya yanke ko a tabbatar da ni ko a sallame ni. Kun kuwa san abin da sallama take nufi a garin nan. Bizar zamanka a jikin aikinka take, idan aikin ya tafi sai ka fara haɗa jaka.

Ga wanda bai san yadda muke aiki ba, ofishinmu na kago ne, wato jigilar kaya. Ɗan kasuwa zai taso daga Kano ko Sakkwato ko Yawuri, mu tarbe shi, a haɗa shi da ɗaya daga cikinmu 'yan rakiya. Ɗan rakiya shi ne zai san shagon da ake samun kowane kaya, ya yi tafinta, ya taya ciniki, ya sa a kai kayan sito. A sito masu awo su ɗora a sikeli, masu ɗauri su ɗaure. Kayan jirgin sama da kilo ake auna su, na jirgin ruwa kuma da wurin da suka ci a cikin kwantena. Saboda haka abin da ake fara cusa wa sabon ɗan rakiya tambaya biyu ce: nawa ne nauyinsa, kuma guda nawa ke shiga katan ɗaya. Ni na haddace su har abin ya zame mini ciwo. Ko kankana na gani a kanti sai in ji ina ƙiyasta kilonta.

Alhaji Garba mutumin Yawuri ne, ɗan gidan masunta, amma shi kayan gyaran injin jirgin ruwa yake saya, kuma yana cikin manyan kwastomominmu. Dogo ne, ba ya son yawan magana. Wanda ya saba raka shi ya tafi hutu gida, sai Oga ya kira ni.

"Nura, ga jarrabawarka," in ji shi. "Idan Alhaji ya koma gida da fara'a, khalas, shi ke nan, na sa maka hannu. Idan ya sauya ofis, kai ma ka san sauran."

Kayan injin ba su ba mu wahala ba, kafin azahar mun gama an kai sito. Muna shan shayi sai Alhaji ya ciro waya ya nuna mini hoton wani Bature zaune a bakin kogi, da sandar fatsa a hannu, ƙarƙashin wata koriyar lema mai faɗi wadda aka kafa a ƙasa.

"Irin wannan nake so," ya ce. "Mara nauyi. Wadda in an naɗe ta mutum zai saƙala a kafaɗa."

"Katan nawa, Alhaji?"

"Mu fara ganin ɗaya."

A bakin 'yan kasuwarmu, wanda ya ce a fara ganin ɗaya samfur yake nufi, oda na biye. Nan take kaina ya ɗauki zafi. Na hango masuntan kogin Kwara tun daga Yawuri har inda ban sani ba, kowa da lemarsa. Da yamma na shiga wurin Oga ina ta washe baki, na ce masa Alhaji zai buɗe sabon layin kaya, lemar masunta, kuma da alama kwantena ce. Oga ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka fara zama ɗan gari." Babu wanda ya aike ni faɗin wannan magana, ni na ɗauki ƙafata na kai ta.

Ranar Talata muka shiga shagunan kayan kamun kifi da ke kusa da bakin ruwa. A shagon farko, na wani dattijon Ba'indiye, na sa aka ɗora lemomi huɗu a sikeli na zaɓi wadda ta fi kowacce sauƙi. Ba ta kai kilo biyu ba, in an naɗe ta kuma ba ta wuce tsawon hannu ba. Na shiga zuba wa Alhaji yabonta, ina gaya masa yadda za su kwanta a katan ba tare da ɓata wuri ba. Ya karɓe ta ya fita tsakiyar titi, cikin ranar nan da ko mage ba za ta yarda ta taka ba, ya buɗe ta, ya ɗaga kai yana kallon rana ta cikin yadin. Sannan ya sa bayan hannunsa a ƙarƙashi.

"Rana na wucewa," ya ce.

"Alhaji, ai ga inuwa nan ta yi."

"Inuwa ta yi. Amma rana na wucewa."

Na kalli inuwar a ƙasa, na kalli Alhaji. Ban gane ba, amma na gyaɗa kai kamar na gane. Muka koma ciki na ce a kawo mai kauri. Aka kawo wata mai yadi kamar tamfol, wadda ko fitilar mota ba za ta ratsa ba. Alhaji ya saƙala ta a kafaɗa, ya taka har ƙarshen layi ya dawo yana girgiza kai.

"Mai shi ba zai iya ba. Ga kayan fatsa, ga gorar ruwa, ga filafilin tuƙi. Kwale-kwalen ma ƙarami ne."

Wannan ne karo na farko da na ji ya ce "mai shi". Na ɗauka dilan da zai sari kayan a Yawuri yake nufi. Sai dai ban fahimci me ya haɗa dila da tuƙa kwale-kwale ba, amma na ce a raina kowane gari da irin dilansa.

A shago na uku muka sami wata, ba nauyi, yadin kuma baƙi. Na ce yau dai an gama. Alhaji ya buɗe ta, ya tsuguna a ƙarƙashi, ya dubi hagu da dama.

"Ido fa?" ya ce.

"Idon wa, Alhaji?"

Ya miƙe ya mayar wa mai shago kayansa.

Shago shida muka shiga ranar. Bai tambayi farashi ba ko sau ɗaya. Bai tambayi guda nawa ke cikin katan ba, bai tambayi ko akwai wasu launuka ba, abubuwan da ko ɗan kasuwar da ya fara zuwa jiya sai ya tambaya. Da muka sake biyowa ta gaban shagon farko, dattijon ya ja ni gefe ya ce, "Habibi, ogan nan naka me yake nema ne?" Na ce masa in ya gano ya taimaka ya gaya mini. A cikin bas ina komawa Al Nahda, inda muke haya mu biyar a gida ɗaya, na yi ta juya abin. Na ce ko dabarar ciniki ce, ya gajiyar da masu shago su sauke farashi. Na ce ko so yake ya kai samfur gida a ɗinka irinta. Har na zargi ko Oga ne ya haɗa baki da shi don a gwada haƙurina. Babu wadda ta zauna daidai.

Ranar Laraba wani ya ce mana akwai shago a Bur Dubai, sai muka hau abra, ƙaramin jirgin katakon nan da ke tsallakar da mutane. Muna tsakiyar ruwa dabara ta faɗo mini, kuma a lokacin na ɗauka dabara ce mai kyau.

"Alhaji, don kada in yi ta wahalar da kai a rana, ba ni lambar mai shi ɗin in yi magana da shi kai tsaye. Ya sunansa?"

Ya juya yana kallon ruwa. Na zaci ƙarar inji ce ta hana shi ji, sai na ɗaga murya.

"Na ce ya sunansa? Ai ko a jikin katan sai an rubuta sunan."

"Bar shi kawai," ya ce, a hankali.

Da muka sauka ko matattakala bai hau ba. Ya ce ya gaji, ya shiga abra mai komawa, ya bar ni tsaye. Na kira wayarsa sau uku bai ɗauka ba. Kafin la'asar aka bugo daga sito cewa Alhaji ya ce a dakata da ɗaure kayan injinsa. A aikinmu wannan ita ce alamar mutum na tunanin kwashe kayansa zuwa wani ofishin. Oga ya kira ni, wannan karon babu dafa kafaɗa.

"Me ka yi masa?"

"Wallahi, Oga, sunan dilansa kawai na tambaya."

"A kan suna mutum zai tsayar da kayansa? Nura, kada ka raina mini hankali. Jirginsa Asabar da safe ne. Ka gyara abin da ka ɓata, ko mene ne shi."

Na fito ban san abin da zan gyara ba. Tsoro na ji sosai, ba zan ɓoye muku ba. Amma abin da ya fi damuna shi ne za a kore ni ban ma san laifina ba.

Alhamis da safe Hajiya Binta ta same ni zaune shayina ya huce a gabana. Ita ce babbar 'yar rakiya ta ɓangaren mata, 'yar Birnin Kebbi, ta fi kowa daɗewa a ofishin. Ta ce, "Kai kuma wa ya mutu?" Na zayyana mata komai. Ta sa na maimaita mata maganganun Alhaji yadda ya faɗe su, ba yadda na fassara su ba.

"Mai shi," ta ce. "Bai taɓa cewa wane ba?"

"Ko sau ɗaya, Hajiya."

"Kai kuma ka tsare shi a tsakiyar ruwa, gaban mutane, sai ya faɗi suna." Ta fara dariya, sai kuma ta tsaya ta dube ni. "Nura, ba kai ne ɗan fari a gidanku ba?"

"Ni ne."

"Innarka in za ta aiko maka da yaji ta hannun matafiya, me take ce musu?"

Nan take na tuna. Cewa take, "A ba wancan na Dubai." Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Kunyar ɗan fari ce, wadda iyayenmu da yawa suke yi, ba sa kiran sunan ɗansu na farko, ba sa nuna damuwa da shi a gaban jama'a. A cikin wannan al'ada na tashi, ni ne ma wanda ake yi wa. Amma da ta zo mini a bakin kwastoma, a cikin Deira, ni kuma kaina cike da katan da kilo, ban gane ta ba ko kaɗan.

"Babu dila, babu kwantena," in ji Hajiya. "Lema ɗaya ce, ta ɗansa na fari."

Ta sassauta murya. Ta ce bara ta raka ƙanwar Alhaji sayayya, matar ta yi ta sayen riguna masu dogon hannu da malafa mai faɗi da baƙin tabarau da man shafawa na kare rana. Ita ce ta gaya mata na ɗan yayanta ne. Zabiya ne, magidanci da 'ya'yansa. Uban ya buɗe masa shago a cikin gari ya ƙi zama, shi sana'ar su yake so kamar kakanninsa. Kullum sai ya tuƙa kwale-kwalensa zuwa wani tudun yashi a tsakiyar kogi ya zauna da fatsa har yamma. Gyambo ya fara fito masa a wuya da kunne, likita kuma ya ja kunne a kan rana.

"Ban gaya maka don ka kai wa Oga ba," ta ce. "Kuma in ka koma wurin Alhaji, kada ka kuskura ka nuna ka sani. Yalla, tashi."

Na tashi, amma ruɗanin bai ƙare ba, sabo ma ya samu. Ni ɗan Fagge ne, ban taɓa kama ko tarwaɗa ba, fatata kuma rana ba ta taɓa yi mata komai ba sai ƙarin baƙi. Ta yaya zan zaɓa wa mutumin da ban taɓa gani ba, a kogin da ban taɓa zuwa ba?

Na koma shagon dattijon Ba'indiye. Ya miƙa hannu zai jawo sikeli, na ce ya bari tukuna. Na sa ya sauko da duk lemar masunta da yake da ita, har da na saman kanta masu ƙura. Na kunna fitilar wayata ina sa ta a bayan kowane yadi. Yawancinsu hasken na fitowa ta ɗaya gefen, har da baƙaƙen. A lokacin na gane abin da Alhaji yake nufi da rana na wucewa. Daga ƙarshe muka sami wata mai ruwan azurfa ta waje, an shafe cikinta da baƙi, fitila ba ta ratsa ta ko kaɗan. Haƙarƙarinta ba ƙarfe ba ne, wata roba ce mai ƙarfi mara nauyi. Wuyanta na karkata, tana da labule mai zif da ke rufe rabin zagayenta, gindin sandar kuma murɗaɗɗe ne don ya kama yashi. Sai a sannan na yarda aka auna ta. Ta fi ta farko nauyi, amma ba ta kai kilo uku ba, kuma tana da jaka mai igiyar kafaɗa.

Na ɗauke ta na hau bas zuwa bakin teku da ke kusa da unguwarmu, domin nan ne kawai na san akwai yashi da ruwa a wuri ɗaya. Na murɗa ta a ƙasa na zauna, rana tana tsaka. Minti goma ban yi ba idona ya fara hawaye. Saman kaina a rufe yake, amma hasken da ke dawowa daga kan ruwa yana shigowa ta gefe ya doki fuska. Ashe wannan ne "ido fa" ɗin. Na karkata wuyan lemar, na ja labulen ta ɓangaren hasken, sai duniya ta yi daidai. Ina cikin jin daɗin kaina iska ta taso ta tumɓuke ta, na bi ta da gudu da takalmin ofis, wasu iyali da ke shan iska suna ta dariya. Turakun da suka zo da ita gajeru ne, na ƙasa mai tauri, ba na yashi ba.

Na sake kafa ta na tara yashi a gindi. Can sai ga mai gadin wurin ya zo ya leƙa ni.

"Ina sandar kamun kifin?" ya tambaya.

"Babu."

"To me kake yi?"

"Aiki nake yi."

Ya dube ni, ya dubi rana, ya tafi yana waiwaye. Awa ɗaya da rabi na yi a wurin, ina matsa labulen duk lokacin da rana ta gusa. A hanyar komawa na sayi dogayen turaku huɗu da 'yar jakar yadi da za a cika da yashi a rataya a sandar.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tsaya a ƙofar otal ɗin Alhaji. Da ya hango ni fuskarsa ba ta saki ba. Na rusuna na gaishe shi.

"Ranka ya daɗe, ranar Laraba na yi wauta, a yafe mini. Ga wata na samo wa mai shi."

Na buɗe ta a nan gefen titi. Na nuna masa baƙin ciki-cikinta, da yadda wuyan ke karkata, da turakun. Na ce in rana ta yi tsaka hasken da ke tasowa daga ruwa ya fi na sama cutar ido, saboda haka a riƙa jan labulen ta wajen ruwan, kuma a cika jakar nan da yashi kafin iska ta taso. Ya karɓa ya fita cikin rana. Ya ɗaga kai ya kalli sama ta cikin yadin, ya sa bayan hannunsa a ƙarƙashi. Ya daɗe a haka.

"Wa ya gaya maka maganar hasken ruwa?" ya ce, bai juyo ba.

"Zama na yi a ƙarƙashinta jiya, Alhaji."

Ya juyo ya dube ni sosai. Ina jin ya gane na sani, ni ma na gane ya gane. Ya naɗe ta da kansa, ya buɗe, ya sake naɗewa har sau uku. Ya saƙala ta a kafaɗa ya taka zuwa ƙarshen layi ya dawo.

"Ka ce su ɗaure kayan injin," ya ce. "Wannan kuma ba ta shiga kago. Da ita zan tafi."

Saura Oga. Na same shi a ofis da yamma, ya riga ya ji an ci gaba da ɗauri.

"Madalla. To kwantenar lemar fa?"

"Oga, ɗaya ce."

"Katan ɗaya?"

"Lema ɗaya."

Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. "Kwana biyar, Nura. Lema ɗaya. Ta wace ce?"

"Ta amfanin gidansa ce, Oga."

Ya yi ta kallona yana jiran ƙarin bayani, ni kuma na kafe idona a kan kalandar bango. Daga ƙarshe ya ce shi dai bai gane komai a wannan lamari ba, amma Alhaji ya bugo ya ce daga yau ni yake so in riƙa raka shi. Ya jawo takardata ya sa hannu yana gunaguni.

Bayan kamar sati biyu saƙo ya shigo wayata daga Alhaji. Hoto ne, babu rubutu ko kalma ɗaya. Tudun yashi a tsakiyar kogi, ƙaramin kwale-kwale a ɗaure, da lemar nan a karkace, an ɗauke ta daga baya. Ba a ganin wanda ke ciki, sai hannu ɗaya cikin dogon hannun riga, riƙe da sandar fatsa. Na daɗe ina kallon hoton. Da na tashi daga aiki na kira gida, Inna ta ɗauka, na ji ta tana ce wa ƙanwata, "Zo ki ji, wancan na Dubai ne." Na sha jin wannan magana, amma ranar sai da na share ido.

To, ku sababbi, sikeli na nan kuma dole ku iya shi. Amma kafin ku tambayi katan nawa, ku nemi sanin wa zai zauna a ƙarƙashin abin, a ina, kuma har tsawon wane lokaci. Mutanenmu sukan zagaye abin da ya fi damunsu, su yi ta magana a kan nauyi da yadi, ku kuma aikinku ne ku ji abin da aka zagaye ba tare da kun tilasta an faɗa ba. Alhaji Garba yana zuwa har yanzu. Kowane zuwa, bayan mun gama gaisawa, sai ya kawar da kai ya ce, "Mai shi na gaishe ka." Ni kuma in ce ina amsawa. Har yau ban san sunan mai shi ba, kuma ban sake tambaya ba.